Ranar da Doña Provi Ta Sa wa Abokin Shari'arta Albarka

A garin Lares, in ka ambaci Doña Provi, kafin a tuna shekara talatin da huɗu da ta yi tana dafa wa 'yan firamare shinkafa da wake, sai an tuna ranar da ta sa wa abokin shari'arta albarka a gaban masu yanke hukunci.

Efraín ne abokin shari'ar. Ita ta riƙe shi a coci ranar baftismarsa, shi ya sa yake kiranta Madrina, wato uwar baftisma, kuma tun yana tatata ba ya ganinta bai nemi albarka ba. Ya girma ya zama dillalin hannun jari a wani kamfani a San Juan. Da ta ajiye ludayi ta yi ritaya, har kicin ya same ta da takardu, ya sha kofi, ya ce ta kawo abin da ta tara ya juya mata. Sharaɗinta ɗaya: kada a taɓa uwar kuɗi. Duk inda ya ɗora yatsa ta sa hannu, tabaraunta ma yana can kan firji.

Ana nan sai abin da ake turo mata duk wata ya fara ƙanƙancewa, har ya ƙafe. Ashe kuɗin kaf ya zuba a wuri guda, inda la'adarsa ta fi tsoka, ya kuma cike a fom cewa ita gogaggiya ce da ba ta tsoron asara. Matar da ko tikitin caca ba ta taɓa saye ba! Ga rufin ɗakinta da guguwa ta ɗaye yana nan da tamfol, kuma da kuɗin nan ta yi niyyar gyara shi.

Wata takwas tana ƙin kai ƙara. Wa ke kai ɗansa ƙara? Sai da ruwan sama ya jiƙa hoton marigayi mijinta sannan ta ɗauki jaka ta tafi wurin Lauya Nydia Berríos. Lauyar ta ce takardun da ta sa wa hannu sun hana zuwa kotu, sai dai gaban mutum uku masu raba gardama, kuma kamfanin za a bi, tunda shi ya kamata ya sa wa dillalinsa ido.

Ranar zaman, lauyar ta ja mata kunne tun a mota.

"Doña, in ya shigo kada ki kalle shi. Kada ki ce masa uffan."

"Ni? Ko tari ba zan yi ba."

Efraín ya shigo cikin kwat, kai a sunkuye. Yana ganinta baki ya riga shi.

"Madrina, a sa min albarka."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kai, dubi yadda ka rame! Ba ka cin abinci ne?"

Har da gyara masa wuyan riga. Lauya Nydia ta rufe fuska da fayil, ta gama sallamawa cewa rufi ya tafi.

Lauyan kamfani ya yi ta zuba har rana ta take, wai tsohuwa ta san abin da ta saya. Dattijon da ke shugabantar zaman, wanda a idonsa aka gyara wuyan rigar, ya juyo gare ta.

"Doña, kin karanta kafin ki sa hannu?"

"Ranka ya daɗe, a cinyata yaron nan ya koyi riƙe cokali. Me zan karanta?"

Dattijon ya tambayi Efraín wa ya rubuta cewa gogaggiya ce. Efraín ya ce, "Ni ne."

Ba duka aka maido mata ba, amma ya isa sabon kwanon rufi da sauran canji. Efraín ya rasa aikinsa, kuma wannan ne ɓangaren labarin da ba ta son a taɓo.

Sauran labarin kuwa an bar wa Don Cheo, maƙwabcinta, wanda ba ta isa ta wuce teburin da yake wasan domino bai tsokane ta ba.

"Provi! Gobe zan sace miki kaza, ko ni ma na samu albarkar nan!"

Ta gyara riƙon kwandonta, ko tsayawa ba ta yi ba.

"Sace mana, Cheo. Albarka ta Allah ce, ba na hana kowa. Kazar ce tawa, kuma har yanzu ina da lambar lauya."