Mai Jan Kwat ɗin Garba Arambi

Duk wanda ya san Garba Arambi a garin Daura ya san halinsa: da ya kama makirfo zai rufe ido, ba zai buɗe ba sai waƙa ta ƙare. Waƙarsa kuwa ba ta san ƙarewa ba! Irin waƙar soyayyar nan ta baƙaƙen Amurka ya koya a kaset, mai sanyi da jan murya, ya ce mana sunanta ar-an-bi. Bakinmu ya kasa, muka mayar da ita Arambi, sunan ya bi shi har kabari. Kalma ɗaya zai kama, ya yi sama da ita, ya yi ƙasa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya cikin farar kwat, ga zafin bazara, gumi na ɗiga ta haɓa.

Ni ne Sale taubashinsa, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, ni ne kuma makaɗinsa. To, makaɗi dai a suna. Wani ne ya kawo piyanon lantarki gyara ya bar mini, ban taɓa iya shi ba. Maɓalli ɗaya na sani, in na danna kiɗa ya yi ta tashi da kansa, ni kuma in yi ta yawo da yatsu ina gyaɗa kai kamar gwani. Ainihin aikina jan kwat. Tunda shi ba ya kallo, muka shirya in wani abu ya taso in ja masa bakin kwat ta baya.

Na taɓa ce masa, "Don Allah ka riƙa buɗe idon nan mu huta."

Ya ce, "Kai da ke gyaran rediyo, ka taɓa ganin rediyo mai ido?"

Farkon zuwan shari'ar Musulunci, lokacin da aka hana cakuɗar maza da mata a wurin kiɗa, aka kira mu biki a Sandamu. Garba ya yi nisa cikin waƙa sai ga 'yan sa-kai masu sa ido a kan bukukuwa. Wuri ya watse. Na ja kwat, ya bige mini hannu. Na sake ja, bakin kwat ya yage ya biyo ni, na ce to na sauke nauyi. Na rungumi piyano na zura bayan wani rumbu na lafe. Abin da na manta, ban kashe shi ba! Yana ta kiɗansa a ƙarƙashin hammatata, da shi suka gano ni, suka taso ƙeyata har filin.

Muka tarar da Garba a durƙushe, yana yi wa tabarmi waƙa. Bayin Allah suka tsaya suna jira. Da ya kai ƙarshe ya buɗe ido, ya ga masu gemu, ya washe baki.

"Masha Allah! Yau har da malamai?"

Babbansu ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi. "Bawan Allah, wa ya rasu?"

Aka sallame shi da ta'aziyya, wai wannan kuka ne, ba a hana kuka ba. Ni da ban iya komai ba, ni aka zaunar aka yi wa wa'azin makaɗa har la'asar.

Duk wannan dariya ce. Inda babu dariya shi ne maganar Rabi, matarsa, 'yar wani dillalin shanu a Mashi. Da bukukuwa suka yi ƙaranci Garba ya koma buga kaset, kowace waƙa da sunan wata. Rabi ta yi haƙuri har ta gaji.

"Babu macen da ba ka kira ba a Daura, har mai ƙosan bakin Kusugu. Ni fa?"

"Ke ai kina gida, Rabi. Wanda ke nesa ake kira."

Ta ce, "Haka ne?"

Washegari muna gwaji a tsakar gida, ya rufe ido, sai ga Rabi ta fito da ƙullin kaya a ka. Ta gabansa ta bi, har mayafinta ya shafi gwiwarsa. Na ja kwat da ƙarfi.

"Bari in kai ƙarshe," ya ce ta gefen baki.

Kafin ya kai ƙarshe ta kai tasha.

Dangi suka ce a yi biko yadda kowa ke yi: a tura kawu da liman da ƙullin goro, su ba da haƙuri. Garba ya ce ina! Mawaƙin arambi da kansa yake roƙo. Ni kuma da rashin wayo na goya shi a babur har Mashi, piyano ɗaure a ƙirjina. Ya durƙusa a ƙofar zaure, ya rufe ido, ya miƙa hannu ya fara. Can aka fito, hannunsa ya ci karo da hannu, ya damƙe.

"Wayyo Rabi, ji yadda hannunki ya yi kaushi!"

Kar ku tambaye ni jan kwat. Na riga na koma bayan babur.

"Buɗe ido ka dube ni," in ji surukinsa. Tsohon bai ɗaga murya ba. "Ranar da ka turo manya kamar ɗan mutane, ga matarka. Ban ce ka bar waƙa ba."

"Baba, ni ba na aike a soyayya."

"To ni ma ba na ba da 'ya a ƙofar zaure."

Shi ke nan fa. Shi bai sake ta ba, ita ba ta kai ƙara ba, kowa ya ƙi sauka. Shekaru suka wuce, kaset ya daina ci, yara suka koma wasu waƙoƙin a waya. Garba ya rame, kwat ta yi masa yawa, ciwon ƙoda ya kwantar da shi a asibiti. Ko a gadon ma da kwat ɗin yake, a kan rigar majinyata, ya ce in aka cire masa ba zai sha magani ba.

Wata rana da hantsi ya ce mini, "Sale, da can salo ne ya sa nake rufe ido. Tun da Rabi ta tafi kuwa, in na rufe ina ganinta a tabarmar gaba. In na buɗe kai nake gani."

Na ce, "Na gode." Na fita baranda na yi kuka kamar yaro.

Ban shawarce shi ba. Na sayi goro, na ɗauki kawu da liman muka tafi Mashi. Surukin nasa ya juya ƙullin a hannu ya ce, "Wannan goro ya daɗe a hanya." Ya ɗaga murya ya kira Rabi.

Da muka shigo ɗakin, Garba na kwance ido rufe, yana waƙa ƙasa-ƙasa, muryar duk ta dushe. Sunanta yake ja, yana sama da shi yana ƙasa. Ta tsaya a bakin gado. Na lallaɓa na ja kwat.

"Bari in kai ƙarshe."

"Wallahi Garba, yau ba za ka kai ba." Na ja har maɓalli ya tsinke.

Ya buɗe ido a tsakiyar sunan. Ya dube ta, ya dube ta, baki a sake.

Rabi ta share hawaye ta ce, "Ci gaba mana. Ai nawa ne, ina ji."

Bai iya ba. Ita ce waƙa ɗaya da na san bai ƙarasa ba, don ya ƙi yarda ya sake rufe ido. Kwanakin da suka rage masa ko barci sai da faɗa. Ranar da ya cika, Rabi ce ta sa hannu ta rufe masa su.

Allah Ya jiƙan taubashina Garba, Ya yafe masa taurin kansa, ni kuma Ya yafe mini tsorona. Ranar da zai sake buɗe idon nan, Allah Ya sa alheri zai fara gani.