Zabbin Kaka da Rakodar Goggo Rifkatu

A gidanmu na Mayo Gwoi, Kaka ba ta yarda a kashe murhu bayan an sauke tuwo. Sai ta tura doya cikin garwashi, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, mu kewaye ta, mu da yaran maƙwabta. Ni kullum bayan turmi nake zama, don kada a ce in amsa waƙa. Daga can nake kallon komai: yadda take juya doya da yatsu ba ta ƙonewa, da yadda ƙawata Dija, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, take cusa ƙafafunta cikin zanena idan labari ya kai wurin tsoro.

Kaka uwar babana ce. Da girmanta ta koyi Hausa, a kasuwa, amma hakan bai hana ta sa mu dariya har cikinmu ya ƙulle ba. Kowace tatsuniya ta ƙare, sai ta tafa hannu ta ce ƙurunƙus. Wannan tafin shi ke gaya mana ƙarya ce aka yi, mu je mu kwanta hankali kwance. Guda ɗaya ce ba ta rufewa, ita ce ta zabbi.

Wai akwai wasu zabbi a gindin dutse, da gonar dawarsu da rafinsu. Wata safiya wata 'yar zabuwa ta tafi ɗibar ruwa, ta tsaya wasa da ƙaguwa. Da ta ɗago kai sai ta hango hayaƙi. An kewaye ciyawar da wuta, kuma duk zabon da ya fito ta wata kafa, akwai mai jiransa da sanda. Sai ta shige ramin gafiya, ta toshe bakinta da ganye. Da ta fito ta yi ta kiran 'yan uwanta, toka kawai ke tashi. A nan Kaka ke tsayawa. Ba tafi, ba komai. Sai ta ciro doyar ta fara kankare ta.

Shekarar da rediyo ya cika da labarin Ruwanda, Goggo Rifkatu ta zo gida. Ƙanwar babana ce. Ta yi karatun tarihi a Zariya, ta wuce ƙasar waje ta zama dakta, kuma aikinta shi ne bin sawun al'ummomin da aka tashi shafewa daga doron ƙasa. Daga bakinta na fara jin kalmar kisan ƙare-dangi. 'Yar siririya ce, gilashinta ɗaure da zare a kunne ɗaya, kuma ba ta rabuwa da wata baƙar rakoda. Mutanen unguwa sukan ce wane irin aiki ne mace ta zaɓa, bin matattu. Takan yi murmushi ta ce masu rai take bi, su ne ke da baki.

Ta yi ta zama da Kaka da rana a ƙarƙashin mangwaro, tana tambayarta ƙauyensu na asali. Kaka sai ta ce ta manta, ko ta aike ta ta duba awaki. Da abin ya ƙi, Goggo ta ajiye tambayoyinta, da yamma ta shimfiɗa buhu a cikinmu ta zauna kamar yarinya. Ranar da aka yi ta zabbi, na ga ta cire gilashi tana jiran tafin. Da bai zo ba, ta daɗe tana kallon mahaifiyarta.

Washegari ina shara na ji tana ce wa Baba, “Yaya, ba tsuntsaye ba ne. Inna ce 'yar zabuwar.”

Daga nan tsoro ya kama ni. Lokacin garin ma ba daidai yake ba. Baba ya riƙa rage murya idan ya kunna rediyo, a makaranta kuma yara sun fara cewa “naku” da “namu”. Da ƙaramin hankalina na yi lissafi: idan zabbin mu ne, masu sandunan dole waɗanda ba mu ba ne. Mu coci muke zuwa, su Dija masallaci, kuma a gidansu wani yare suke yi. Na tabbata ranar da Kaka ta faɗi sunan masu wutar, yayyena ba za su sake barin Dija ta tsallako ƙofarmu ba.

Da yammar da Goggo ta nemi izinin ɗaukar tatsuniyar, na yi ƙoƙarin hana Dija zuwa. Na ce mata yau ba doya.

“Ƙarya kike, Hannatu, ga ƙamshi nan har gidanmu,” ta ce, ta ture ni ta wuce.

Goggo ta ajiye rakodar kan turmi, daidai kaina. Ina jin kaset ɗin yana ɗan ƙara, ina ganin jan haskensa kamar idon ɓera. Kaka ta harare shi.

“Wannan abin naki yana cin doya? In ba ya ci, ya zauna shiru kamar sauran yara.”

Aka yi dariya, ban da ni. Ta ba da labarin yadda ta saba, har 'yar zabuwa ta fito daga rami. Ta miƙa hannu za ta ciro doya, sai Goggo ta ce a hankali, “Inna, wa ya sa wutar?”

Hannun Kaka ya tsaya a sama. Ni idonta nake bi. Na ce a raina in ta kalli Dija, shi ke nan. Ƙafar Dija tana cikin zanena, da sanyi, ita kuwa ba ta san komai ba, doya take jira. Kaka ba ta kalli kowa ba. Garwashi ta zuba wa ido.

“Mutane ne,” ta ce.

“Waɗanne mutane, Inna?”

“Masu hannu biyu. Ke da kika je har ƙasar Turawa, ba ki ga irinsu ba?”

“Na gani. Shi ya sa nake tambaya. Duk inda na je, idan ba a faɗi wanda ya yi ba, wata rana jikokinsa za su ce ba a yi ba.”

“Idan kuma an faɗa, jikokina su ɗauki sanda.” Ta kakkaɓe toka daga hannunta. “Rifkatu, waɗanda suka mutu nawa ne, zan ba ki su. Waɗanda suka kashe ba nawa ba ne. Ba zan raba wa yara su a bakin murhu kamar doya ba.”

A wajen su Kaka ba a kiran sunan wanda ya yi mummunar mutuwa. Amma ta gyara zama, ta koma yarenta, ta fara kiransu ɗaya bayan ɗaya, tana ɗan tsayawa bayan kowane suna kamar mai jiran a amsa. Uwarta, da ƙannenta, da wata da ta ce ta iya kitso. Goggo ta bar kaset ya yi ta juyawa, ba ta sake tambaya ba. Doyar ranar ta ƙone ƙurmus. Dija ta ce ashe gaskiyata, yau ba doya, gobe za ta dawo.

Kaka ta rasu kafin in gama sakandare. Goggo ta je Ruwanda ta zauna da matan da suka tsira, ta dawo ta bi tsofaffin ƙauyukan gindin dutse har ta samo amsar tambayarta. Ta rubuta ta a littafi, domin a ganinta ɓoye mai laifi zalunci ne na biyu ga wanda aka kashe. Amma kafin littafin ya fito ta kira ni, ta zaunar da ni, ta gaya mini da bakinta. Ba kakannin su Dija ba ne. Mutanen ƙetaren rafi ne, masu yare ɗaya da su Kaka, kan rikicin gona. Zuriyar da mahaifiyata ta fito daga cikinta ce.

Na daɗe ina auna maganar matan nan biyu, kuma har yau ban iya cewa ɗaya ta yi kuskure ba. Na ajiye littafin Goggo inda 'ya'yana za su kai hannu idan sun girma. Sai dai nakan tuna yadda na zauna bayan turmi ina fargaba saboda 'yar maƙwabta, alhali ni ce jikar masu sanda da Kaka ta ƙi kallo.