Kekunan Ɗinkin Kansila

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kansilanmu ya tara mu matan Unguwar Boro, ya ce ƙaramar hukuma za ta koya mana ɗinki kyauta. Aka jera kekuna, aka ɗauke mu hoto, aka kwashe su a mota, wai sai an gyara ɗakin koyarwa.

Bayan sati biyu na ziyarci yayata a Sabon Tasha, na tarar ana irin wannan taron. Na gane keken da na zauna a gabansa, don murfinsa a fashe yake. Na raɗa mata, ta ce, "Ki yi shiru, wataƙila mu za a bar wa."

Ni dai idona na kan direban motar, wanda ko injin bai kashe ba.