Ramin da Yaya Ya Ƙi Gamawa

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana toshe ramukan bangon mutane. Ba bangon bulo ba, irin na allon filasta ɗin nan da ake raba ɗakuna da shi a gidajen haya, wanda in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar akwati. Mai Faci ake ce masa. Magana wuya take masa, wallahi sai ka yi tambaya uku kafin ka samu "to" ɗaya. Ni ƙanwarsa ce, kuma duk surutun gidanmu ni na kwashe.

A aiki kuwa ba ya wasa. Zai yanke ramin da wuƙa ya mai da shi kusurwa huɗu, ya zura guntun katako ta baya ya ɗaure da sukuru, ya saka guntun allo daidai wurin, ya manna raga, sannan ya shafa filasta sau uku. Kowane shafi sai ya kwana ya bushe. Rana ta huɗu ya goge, ya haska tocila ta gefe, in ya ga 'yar inuwa ya sake. Amma kafin ya sa wuƙa sai ya zagaya bakin ramin da yatsa, ya faɗi abin da ya fasa shi: mariƙin ƙofa, ƙafar kujera, gwiwar hannu. Ban taɓa jin ya kuskure ba.

Wata safiya autar 'ya'yansa ta kira shi. Shekararta shida da aure, mijinta direban babbar mota ne, suna da yarinya 'yar shekara huɗu. Ta ce ƙofa ta bugi bangon falo. Na bi shi don in ga jikata.

Ramin bai fi tafin hannu ba. Yaya ya buɗe ƙofar har ƙarshe, mariƙin ya tsaya can ƙasa, taku guda daga wurin. Ya sa yatsa ya zagaya. Da ya zaro, akwai gashi sili uku a jiki, dogaye. Auta na tsaye a gefe, ɗankwali ya sauko mata har gira, kuma ramin daidai kanta yake.

"Ƙofa ce, Baba," ta ce.

"To," in ji shi.

To! Raina ya ɓaci. A matakala na tare shi na ce, "Yaya, kan 'yarka aka buga a bangon nan, ka ce to?" Ya ce in ya yi magana mijin zai hana shi shiga gidan, ita kuma ba za ta amsa ba. Ya ce in bar shi, yana da dabara.

Dabarar ita ce ya ɓata aikinsa da gangan. Mutumin da ko leburansa ba ya bari ya dama masa filasta, shi ne ya riƙa tsuga mata ruwa, ya lafta da kauri don ta tsage in ta bushe. Kullum da safe ya zo ya kankare ya sake. A tunaninsa, muddin uban mace na shiga gida kullum, namiji zai ji kunya. Yana shafa yana satar kallon wuyanta da hannayenta. Ita kuma ta kawo masa ruwa ta koma kicin. Kwana goma sha biyu suna haka.

A rana ta goma sha uku ya tarar da bangon sumul, har an yi fenti. Surukin ya kawo wani ya gama a awa ɗaya. Surukin ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi ya ce, "Baba, hannu ya tsufa, a huta haka nan. In muna bukata za mu kira."

Yaya ya ɗauki jakarsa ya sauko. Na ce masa mu koma mu ɗauko ta ko da tsiya. Ya ce mu ɗan jira. Ni ma da bakin nawa na jira, kuma wannan ba zan yafe wa kaina ba.

Bayan sati uku waya ta shigo muna shagonsa. Ina jin muryar Auta sama-sama.

"Baba, an sake samun rami."

"A falon?"

"A ɗakin yarinya." Sannan ta ƙara da cewa, "Yana ƙasa, Baba. Bai kai ƙuguna ba."

Ranar muka kwaso su, ita da yarinyar da kaya cikin zanin gado. Ba wanda ya tare mu, mijin ya fita da mota. A asibiti likita ya ce yarinyar za ta tashi, amma kunnenta na hagu ya tafi.

Yanzu suna gidan Yaya. Ya rufe shago, in an kira shi aiki sai ya ce ba ya jin daɗi. Da yamma yarinyar takan hau cinyarsa ta ce, "Kaka, ba ni labari." Shi da bai iya magana ba, sai ya fara a hankali. Ita kuma ta kama haɓarsa ta juyo da shi, ta ce, "Ba ta nan ba, Kaka. Ta nan ba na ji."