Raka'a Ta Biyar

Wani abokina a unguwar Zogona ne ya koya mini lissafin poka, wani wasan karta, a waya. Za ka ƙirga katunan da za su iya cetonka, ka ninka sau huɗu, sai ka san rabonka cikin ɗari. Idan tara ne, kana da wajen talatin da shida. Na riƙa gaya wa kaina ilimi ne, ba caca ba.

Wata La'asar limaminmu na Zongo bai zo ba, aka tura ni gaba. Na kabbarta, amma hankalina yana kan wasan da aka cinye ni da safe, ina ƙirga ko tara ne ko takwas. Sai na ji "Subhanallah" a bayana. Ashe na miƙe raka'a ta biyar.

Bayan sallama wani dattijo, direba ɗan Nijar, ya riƙe hannuna.

"Ɗana, lafiya kuwa?"

Na ce mahaifiyata ce ba lafiya. Nan take ya sa jama'a suka yi mata doguwar addu'a, na shafa tare da su, alhali tana gida garau tana tuƙa tuwo.

Washegari ya zo duba ta da ledar lemo. Ina jin sallamarsa a ƙofa, na kasa fitowa.