Wanda Tsohon Gaza Yake Kira Ɗansa

Ni ne direban da ke kai wani tsoho Bafalasɗine asibiti a Doha, bayan an kawo shi daga Gaza da ƙafa ɗaya. Bam ya rushe gidansa da matarsa a ciki, ɗansa tilo kuma sojoji sun tafi da shi, babu labari.

Ni ke ɗaga shi, ni ke naɗe kekensa. Amma maigadin gidan, wani ɗan Zango daga Gana da muke kwana ɗaki ɗaya a Fereej Abdel Aziz, shi tsohon ke kira "ɗana". Shi ake ajiye wa dabino. Ni kuwa sai "Yalla, mu tafi, direba."

Abin ya tsaya mini a rai. Wata rana a mota, da guntun Larabcina, na ce, "Baba, ni ba ɗa ba ne?"

Ya jima yana kallon titi. "Dariyarsa irin ta yarona ce," in ji shi. "Ban sani ba ko sun bar masa haƙoran yin ta."

Duk da haka, da muka iso ƙofa ya miƙa wa maigadin hannu biyu, sai da na kau da kai.