Tururin da Ya Raba Ni da Abokiyar Wasana

Edita, lokacin ina 'yar sakandare ce a Jalingo, ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Taraba ba, an dawo da babanmu aiki daga Yola muka sauka a unguwar Nukkai. Badminton nake bugawa, kuma ba yabon kai ba, hannuna da zafi. Wasan bibbiyu muke yi da wata ƙawata 'yar Mumuye, ita a gaban raga ni a baya, har koci ya ce in muka ci gasar tantancewa mu za mu wakilci jiha.

Gasa na matsowa kafaɗata ta fara ciwo. Ran nan na biya gidansu ba ta san da zuwana ba, na tarar da ita tsugune a madafa, tukunya na tafasa, ta jera ƙwallayenmu masu gashin tsuntsu a kan rariya suna shan tururi. Ban tambaye ta komai ba, na juya gida na gaya wa gwaggona. Ta tafa hannu ta ce ai ga inda ciwon ya fito, asiri take yi min, so take ta karya ni a ɗauke ta ita kaɗai.

Daga nan komai nata ya zama abin zargi. In ta yi murmushi in ce na mugunta ne, in ta taɓa raket ɗina na buga ƙwallo in goge da ɗankwali. Ta tambaya ko ta yi min laifi, na ce babu, amma na tsegunta wa 'yan ajinmu biyu. Ranar gasa hankalina na kanta, ba kan ƙwallo ba, muka yi ta karo kamar makafi, aka lallasa mu. Ana tashi na ji koci yana yi wa wasu faɗa, wai me ya hana su turara ƙwallayensu yadda ya koya wa ƙawata, ga shi zafin rani ya busar da gashin duk ya kakkarye. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na je ba ta haƙuri, ta ce ta yafe. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta zaga makaranta. Babu mai yarda ya buga da ita, har ta daina zuwa fili. Ni gasa kawai na rasa, ita kuwa sunanta na ɓata, kuma abin yana cin raina har yau. 'Yan uwa, in kun ga abin da ba ku gane ba a hannun na kusa da ku, ku tambaye shi tun kafin ku kai wa wani.